Yaushe Za Ka Bi "Jikina Ya Ba Ni", Yaushe Za Ka Zauna Ka Yi Lissafi

Dillalin da ya shekara 20 a kasuwar dabbobi ta Wudil ko ta Maigatari, in ya ɗora hannu a gadon bayan rago ya matsa, ya ɗaga leɓe ya dubi haƙora, kafin ku gama gaisawa ya san naman da ke jikinsa da kuɗin da zai yi. Ka tambaye shi yadda ya sani, sai ya ce ido ne kawai. Dillalin nan kuma, in aka zo masa da zancen wani kamfanin intanet mai ninka kuɗi, yana iya kwashe jarinsa kaf ya zuba, ya ce jikinsa ya ba shi. Abin da ya ji a ransa game da ragon shi ne ya ji game da kamfanin, da ƙarfi iri ɗaya. Wahalar ke nan: zuciya ba ta yi wa mutum alamar wanne ya fito daga sani, wanne ya fito daga kwaɗayi. Kai ne za ka rarrabe, kuma akwai yadda ake yi.

Mene ne "jikina ya ba ni"?

Herbert Simon, wanda ya samu lambar Nobel a 1978, ya yi nazarin gwanayen dara ta Turawa, ya ce abin da ake kira ilhamar gwani ganewa ce kawai: mutum ya ga yanayin da ya taɓa gani sau dubbai, sai amsa ta faɗo masa kafin ya san daga inda ta fito. Gary Klein ya ga haka wajen shugabannin 'yan kwana-kwana a Amurka, waɗanda ke yanke shawara cikin daƙiƙoƙi ba tare da sun jera zaɓi suna aunawa ba. Daniel Kahneman kuwa ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna inda wannan saurin ke kai mutane ya baro. Klein da Kahneman sun zauna sun fitar da matsaya ɗaya a 2009: ilhama abin dogaro ce in an cika sharuɗɗa biyu. Na farko, harkar ta kasance mai tsari, wato alama iri ɗaya ta riƙa haifar da sakamako iri ɗaya. Na biyu, mutum ya daɗe yana yi, kuma yana ganin sakamakon hukuncinsa da wuri, a fili.

Rago ya cika duka biyun. Dillali ya ƙiyasta, an yanka, an ga nama, gobe ya gyara idonsa. Haka bakanike da ƙarar inji, haka mai awo da danshin hatsi in ya tauna ƙwaya, haka uwa da kukan ɗanta. Farashin masara nan da wata shida bai cika ko ɗaya ba, domin ya rataya ga damina, da tsadar taki, da darajar naira, da buɗe iyaka ko rufe ta.

Don haka kafin ka bi zuciyarka, yi mata tambayoyi uku. Sau nawa na yanke irin wannan shawarar da kaina? In bai kai gommai ba, kamar sayen fili ko zaɓen abokin kasuwanci, ba ka da ido a kai tukuna, ko da shekarunka 60. Ina ganin sakamako da wuri? Sannan, in na yi kuskure zan iya komawa baya? Abin da ake iya warwarewa gobe da 'yar asara, kamar sayen atamfa ko sauya hanyar zuwa aiki, bi ranka ka wuce, ɓata lokaci ne a yi masa dogon nazari.

"Tsaya" da "maza" ba nauyinsu ɗaya ba

Idan rai ya ce ka tsaya, yi masa biyayya nan take, domin tsayawa ba ta da tsada. Direba ya tsaya da mota inda ba tasha ba kuma hankalinka bai kwanta ba, sauka. An kira ka a waya ana cewa daga banki ne za a rufe asusunka, jikinka ya yi sanyi, kashe wayar: banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Mai saye ya nuna maka alat a wayarsa yana gaggawa, kar kaya su fita sai ka ga kuɗin a cikin asusunka da idonka.

Idan rai ya ce maza kar a riga ka, a nan ake bincike. Duk ɗan damfara da gaggawa yake aiki: saura mutum biyu, yau za a rufe, wani alhaji na hanya da kuɗinsa. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi wa mutane alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata kafin ta daskarar da asusun jama'a a Disambar 2016. Lissafin minti biyu ya isa ya tona ta. Naira 100,000 mai ƙaruwa da kashi 30 duk wata za ta haura naira miliyan 2.3 a shekara guda. Wace sana'a ce ke ninka uwar kuɗi sau 23 a shekara, kuma mai ita ya rasa abin yi sai neman kuɗinka?

Lafiyar yaro ma haka take. Uwa in ta ce yaron nan ba daidai yake ba, a saurare ta, a tafi asibiti, don ta fi kowa sanin yadda yake in yana lafiya. Amma ranta ba zai gaya mata sunan cutar ba. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, kuma gwajin jini na ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Numfashi kuma ƙirga shi ake yi, minti ɗaya cur, yaro na kwance shiru: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa shekara, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5, duk numfashi ne mai sauri, ba a kwana da shi a gida.

Akwai inda "raina bai kwanta ba" ke zama zalunci, wato in a kan mutum ne. Sau da yawa ba komai ya jawo ba sai yarensa, ko garinsu, ko kamarsa da wani da ya taɓa cutar ka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Gwajin shi ne ka iya faɗin abin da ya yi: ya sauya magana sau biyu, ya ƙi a kira shaidu, ya ƙi a rubuta. In ka lalubo ba ka samu ko ɗaya ba, zato ne, kuma Alƙur'ani ya ce wani sashe na zato zunubi ne.

Yadda ake yin lissafin

Gwada wannan tukuna. Buhu da igiyar ɗaure shi naira 1,100 ne, buhun ya fi igiyar da naira 1,000. Nawa ne igiyar? Amsar da ke faɗowa ita ce 100, kuma kuskure ce. Igiya 50 ce, buhu 1,050. Shane Frederick ya wallafa tambaya mai wannan siga a 2005, ɗaliban manyan jami'o'in Amurka da dama suka faɗi. Duk inda lamba ta shigo, a sa biro a takarda.

Ɗauki ajiyar hatsi. A ce ka sayi buhu 20 na masara da kaka a kan naira 40,000 kowane, 800,000 ke nan. Dako da kuɗin mota 1,500 a buhu, 30,000. Buhun da ba ya shan iska 2,500 kowane, 50,000. Hayar sito ta wata shida 30,000. Jimla 910,000. A ce tsakanin ɓera da ƙwari da ragin awo ka rasa kwatankwacin buhu ɗaya, saura 19. Sai ka sayar da kowane a kan kusan 47,900 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Ranar da farashi ya kai 45,000 zuciya za ta ce an ci ribar 5,000 a buhu, alhali faɗuwar 55,000 aka yi. Sa farashin garinku na yau a gurbin waɗannan lambobin, sannan ka ƙara layi ɗaya da yawancin mutane ke tsallakewa: in farashi ya sauka ƙasa da yadda na saya, zan iya ɗauka? Yana sauka, an gani a 2025.

In zaɓi ne tsakanin abubuwa biyu ko uku, kamar gidajen haya, ko makarantar yara, ko wanda za ka ɗauka ya tsare maka shago, rubuta abubuwa biyar ko shida da suka fi muhimmanci tun kafin ka je gani. Na gidan haya, misali: ruwa, kuɗin shekara, nisa da wurin aiki, tsaro, halin unguwa da damina. Ba kowane maki daga 1 zuwa 5, ɗaya bayan ɗaya, kar ka bari kyan fenti ya ƙara wa ruwa maki. Wannan dabara ce da likitoci suka daɗe da ita. Virginia Apgar ta tsara a 1952 a riƙa duba abu biyar a jikin jariri da zarar an haife shi, bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, motsi in an taɓa shi, da launin fata, kowane da maki 0 zuwa 2, maimakon kowa ya kalla ya ce yana ganin lafiya lau. Bayan ka tara makin, sai ka ba zuciya dama ta yi magana. In ta ƙi wanda ya yi nasara, kar ka danne ta. Yawanci akwai abu na bakwai da ka gani ba ka rubuta ba. Nemo shi, sa shi a jerin, sake aunawa.

Ga babban abu, irin wanda kuɗinsa ya kai abin da kake samu a wata ko ya fi, ƙara mataki biyu. Kwana a kai, dare ɗaya aƙalla, uku in da hali, kuma kar ka ba da kafin alƙalami a ranar da ka fara gani. Sannan yi abin da Klein ya koyar: ɗauka shekara ta zagayo, abin ya lalace, rubuta dalilai uku da suka jawo. A sayen fili, dalilan su ne za su tura ka ma'aikatar ƙasa duba takardu, wajen mai unguwa da maƙwabta tambayar ko gado ne kuma duk magada sun yarda, da komawa wurin a watan Agusta ka ga inda ruwa ke kwanciya. A sayen mota, su ne za su sa ka zo da bakanikenka, a tayar da inji da sanyinsa, a dubi hayaƙi: shuɗi yana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa na shiga inji.

Inda lissafin kansa ke karkacewa

Farashin farko yana kama hankali ko da na banza ne. A gwajin da Kahneman da Amos Tversky suka wallafa a 1974, an juya wa mutane wata ƙafar caca, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin 100 na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda ƙafar ta tsaya musu a 10 sun ce wajen 25, waɗanda ta tsaya musu a 65 sun ce wajen 45. Abin da mai kaya ke yi ke nan in ya fara da 300,000 a kan abin 180,000: ka taya 200,000 kana jin ka yi wayo. Maganinsa ka tambayi farashi wuri uku, ka yanke iyakarka kafin ka shiga ciniki, in an wuce ta ka yi sallama ka tafi.

Sai "na riga na kashe da yawa". Kuɗin da ka zuba a gyaran tsohuwar mota sun tafi, ko ka ci gaba ko ka bari. Tambayar ita ce, da yau aka kawo mini ita a haka, zan saya? Sai kuma lissafin da aka yi don a wanke abin da rai ya riga ya zaɓa, wanda ake gane shi da cewa duk lambobin sun goyi bayan abin da kake so. Nan ne amfanin shawara, amma a wajen wanda ya san harkar, ba shi da la'ada a ciki, kuma ba ya jin nauyin ce maka a'a. Dillalin fili bai cika sharaɗi na biyu ba, don yana da la'ada a ciki.

Fushi, yunwa da rashin barci suna ɓata ido da lissafi gaba ɗaya. Annabi (SAW) ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, kuma maganar saki, ko korar yaron shago, ko raba jari da ɗan'uwa duk hukunci ne. Istihara kuma, raka'a biyu na nafila da addu'arta, tana tafiya ne tare da bincike da shawara. Ba ta ɗauke wa mutum zuwa duba takardun fili, kuma ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki.

Ido ana iya horar da shi. Mai shagon da ke ba da bashi ya ware shafi a bayan littafinsa. Duk wanda ya karɓi kaya, mai shagon ya rubuta kwanan wata, da abin da ransa ya ba shi a lokacin, zai biya ko ba zai biya ba, da ranar alƙawari. A rubuta kafin sakamako ya fito, domin bayan ya fito kowa cewa yake dama ya sani. In an kai mutum 30 sai a ƙirga. Wanda ya ci 25 ko fiye, idonsa ya nuna a wannan fannin, ya ci gaba da binsa. Wanda ya tsaya wajen 15, da shi da mai jefa kwabo sama ɗaya suke, sai ya koma ga ƙa'ida a rubuce: ba sabon bashi sai an biya tsoho, kowa da iyakar da ba ya wucewa, baƙo kuma sai da wanda zai tsaya masa.