Yadda za a hana dattin haƙar zinare gurɓata ruwa

Ko kamfani ne ko ƙaramin mai haƙa, aikin tsare ruwa ana fara shi ne tun kafin ruwan ya taɓa lakar da aka gama cire wa zinare, don in ya riga ya gangara rafi to gyaransa wahala ce, wani lokacin ma ba ya gyaruwa sam.

Fara da wurin da za ka tara lakar da tarkacen duwatsu. Ka nisanta shi da rafi da rijiya, kar ka sa shi inda ambaliya ke bi, sannan ka haƙa kwata ta saman tarin yadda ruwan sama zai zagaye ya wuce ba tare da ya ratsa cikinsa ba. Mutane na raina wannan kwatar amma wallahi ita ce rabin aikin, saboda duwatsun zinare da yawa suna ɗauke da sulfa, in sulfar nan ta haɗu da iska da ruwa sai ta zama asid, shi kuma asid ɗin ya narko dalma da asenik, wata guba, daga cikin dutsen ya kwaso su zuwa ruwan da mutane ke sha. A yankin Johannesburg na Afirka ta Kudu akwai ramukan da aka daina aiki a cikinsu shekara da shekaru amma har yau suna fitar da irin wannan ruwan. In ka ga ruwa ya yi ja kamar tsatsa a gindin tari, to abin ya fara.

Kar kuma ka yi wankin garin dutse a cikin rafi. Haƙa kududdufi biyu ko uku a jere, ka daɓe ƙasansu da yumɓu ko ka shimfiɗa leda mai kauri, ruwa ya kwanta a na farko laka ta zauna, ya tsiyaya na biyu, na ƙarshen ka ɗebo ka sake aiki da shi. Kuma don Allah kar a cika su har baki, a bar wa ruwan sama wuri. A shekarar 2000 a Baia Mare ta ƙasar Romaniya bangon irin wannan madatsar ne ya ɓalle bayan ruwan sama da narkewar ƙanƙara, ruwa mai sayanaid, sinadari mai guba da ake narko zinare da shi, kusan kubik mita 100,000 ya malala har kogin Tisza da Danube, kifi suka yi ta mutuwa.

In takardar gwajin pH, wato takardar da ake tsomawa a ruwa don auna tsaminsa, ta nuna asid a kududdufin, ana zuba garin farar ƙasa kaɗan-kaɗan ana juyawa ana sake gwadawa, ƙarafan sai su kwanta a ƙasa. Wannan lakar guba ce fa, a binne ta a ramin da aka daɓe.

Batun makuri, wato ƙarfen nan mai kamar ruwa da ake kama zinare da shi, shi ne ya fi damuna. Kar a zuba shi cikin duk garin dutsen da aka niƙa, a fara wankewa a tace, sai a ɗan abin da ya rage a sa makurin, a ƙona haɗin a cikin tukunyar ritot mai kama hayaƙin ta mayar da makurin, ba a fili ba kuma ba a cikin gida ba. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan makuri, ta lissafa zuba shi cikin duk garin dutse da ƙona shi a fili ko a gida cikin abubuwan da ake so a daina, har da zuba sayanaid a kan lakar da makuri ke ciki. Shi sayanaid kuwa kar ya haɗu da ruwan asid ko kaɗan, iskar da ke tashi tana kisa.

Ruwa zai iya zama garau alhali da guba a ciki, tafasawa kuma ba ta cire dalma ko asenik. Sai an kai lab, wato ɗakin gwaji. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ga kowannensu maikirogiram 10 ne a lita ɗaya, a ɗebi ruwan rafi ta sama da wurin aiki da ta ƙasa da na rijiyoyin kusa a kwatanta. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara aƙalla 400, shi ya sa yara da dabbobi a yi musu shinge da kududdufan nan.

In aiki ya ƙare a rufe tarin da yumɓu, a ɗora ƙasa mai kyau a shuka ciyawa, a ci gaba da gwada ruwan duk damina.