Darasi na Bakwai: Amfanin Ƙwai a Gida

Kusan kowane gida a ƙauyukanmu yana da kaji ko zabi, amma sau da yawa ƙwan da suke yi kasuwa yake tafiya, ko a bar wa kaza ta kwanta a kai, har shekara ta juyo yaran gidan ba su ɗanɗana ba. Wannan darasi zai nuna mana yadda ake gane ƙwai mai kyau, da yadda ake ajiye shi da sarrafa shi, da kuma dalilin da ya sa ya kamata a riƙa ware wa iyali nasu kason kafin a kai sauran kasuwa.

Kazar gida takan saka ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, kuma tana ƙyanƙyashewa bayan kwana 21. Zabuwa kuwa da damina take zuba ƙwai, shi ya sa idan ruwa ya sauka ake ganin ƙwan zabi a tashoshin mota da bakin hanya, ɗanye da dafaffe. Ɓawonsa ya fi na kaza tauri, don haka ya fi jure tafiya da ajiya. Da yake zabuwa ba ta cika haƙurin kwanci ba, masu kiwo sukan sa wa kaza ƙwanta, su jira kwana 26 zuwa 28. Kajin gidan gona da ake kiwo domin ƙwai, irin su Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, suna sakawa kusan kullum idan sun sami abinci da ruwa isasshe, kuma nasu ne ake jerawa a kiret mai cin 30.

Kafin ku saya ko ku dafa, ku zuba ruwa a kwano mai zurfi ku saka ƙwan a hankali. Sabon ƙwai yakan nutse ya kwanta a ƙasa, wanda ya kwana biyu yakan miƙe tsaye a cikin ruwan, wanda ya taso sama kuwa ya tsufa ƙwarai, wataƙila ma ya zama baragurbi. Dalili shi ne ɓawo yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwan ciki yake ƙafewa iska tana maye gurbinsa, har ƙwan ya yi sauƙin da zai yi yawo a saman ruwa. Idan za a yi wainar ƙwai da yawa, a riƙa fasa kowane ɗaya a ƙaramin kofi tukuna, domin lalatacce guda yana iya jawo asarar duka kwanon.

Wajen ajiya, a nemi wuri mai sanyi da inuwa, kamar gindin randa, a jera shi tsinin yana kallon ƙasa. Kada a wanke shi sai lokacin da za a yi amfani da shi, saboda wanki yana cire wani siririn rufi da ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta ɓawon.

Hanyoyin sarrafa ƙwai suna da yawa, kuma kowa ya san teburin mai shayi da safe, inda ake kaɗa shi da albasa da attarugu da tumatir a soya a tura cikin burodi. Da azumi doya da ƙwai ba ta rabuwa da buɗa-baki a gidaje da dama, ana yanka dafaffe a kan ɗanwake, ana kuma sa shi a kek da cincin. Ko ta wace hanya aka bi, a tabbata ya nuna har gwaiduwa da farin sun daskare. Dafaffe yana bukatar kimanin minti 10 bayan ruwa ya tafasa, sannan a tsoma shi a ruwan sanyi domin ɓarewa ta yi sauƙi. Shan ɗanyen ƙwai da wasu suke yi da sunan neman ƙarfi yana iya jawo gudawa da zazzaɓi, musamman ga yara da tsofaffi da masu ciki.

Mutanenmu sun daɗe da sanin darajar ƙwai, tun da shi ake kai wa baƙo mai daraja da majinyaci, har ana cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin takaici shi ne camfin da ke cewa yaron da ya saba da cin ƙwai zai tashi ɓarawo, ko kuma mai ciki ba ta cinsa. Wannan magana ba ta da tushe, kuma waɗanda take hanawa su ne suka fi kowa bukata. Ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, gwaiduwarsa kuma tana da sinadaran da ke taimakon ido da jini da ƙashi. Jaririn da ya cika wata 6 ana iya murƙushe masa dafaffen ƙwai a cikin kunu ko fate, a fara da kaɗan, ana ci gaba da ba shi nono. Idan aka ga ƙuraje ko kumburi ko amai bayan ya ci, a dakata a kai shi asibiti.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya gwada ƙwai uku a ruwa ya rubuta abin da ya gani a jimla biyu. Sannan ya tambayi kuɗin kiret a kasuwar garinsu, ya raba shi gida 30, ya kwatanta da yadda ake sayar da guda ɗaya a shagon unguwa.