Tara Komik a Jos: Ƙwaya-ƙwaya ko Kundi, da Yadda Za Su Tsallake Damina

Labari ɗaya na komik, wato mujallar da ke ba da labari da zane-zane, yakan shigo kasuwa sau biyu. Da farko yana fitowa ƙwaya-ƙwaya, galibi sau ɗaya a wata: siririyar mujalla mai shafi 32, labarin ya ci shafi 20 zuwa 22, sauran talla ne, an ɗinke ta da fil biyu na sitefila a tsakiya. Bayan 'yan watanni sai kamfanin ya haɗa fitowa biyar ko shida wuri guda, ya cire tallan, ya sa bango mai kauri. Wannan shi ne kundi. A Amurka mutum yakan leƙa shagon komik ranar Laraba ya ɗauki sabuwar fitowa da hannunsa. A Jos kuwa kusan duk abin da ke hannunka ko dai ya hau jirgi ne, ko kuma ka tsince shi a gwanjo, don haka ka tsai da shawarar wanne za ka bi tun kafin ka cire kwabo.

Lissafin a fili yake. Sabuwar fitowar Marvel ko DC, manyan kamfanonin komik na Amurka, takan kai dala 3.99 zuwa 4.99, ke nan shida sun tashi dala 24 zuwa 30. Kundin da ya ƙunshi waɗannan shidan sau da yawa bai wuce dala 20 ba. Ƙari a kan haka, kundi na jure tafiya, ita kuwa ƙwaya da zarar kusurwarta ta lanƙwashe a hanya, shi ke nan. Shawararmu: abin da kake son karantawa, saye shi a kundi. Ƙwaya ka ware ta ga jeri ɗaya ko biyu da ka ƙallafa rai a kansu, ko fitowar da ba a taɓa haɗa ta a kundi ba, ko wadda zanen bangonta ne ya ja ka. Wanda ya ce zai bi jeri goma ƙwaya-ƙwaya daga nan, cikin shekara guda zai tsinci kansa da labarai goma, kowanne da giɓi.

Kundin ma iri-iri ne. Akwai mai taushin bango, akwai mai tauri wanda ya ɗan fi girma, sai kuma omnibos, jibgegen da kan haura shafi 700, wani ma 1,000, nauyinsa kilo 2 zuwa 3. Masu kawo kaya daga waje da kilo suke caji, don haka kuɗin ɗaukar omnibos guda na iya ba ka mamaki. Ka tambayi nauyi kafin ka biya. Idan za ka iya, ka tara oda ta zo lokaci ɗaya, ka kuma roƙi mai sayarwa ya matse littattafan tsakanin kwali biyu masu tauri, ya toshe kusurwoyin katon.

Tarkon da ya fi kama sababbi shi ne sayen labari ɗaya sau biyu. Kamfani kan sake haɗa fitowa iri ɗaya da sabon suna da sabon bango. Kada ka dogara da suna. A bayan kowane kundi, ko a shafin farko, an rubuta lambobin fitowar da ke ciki, misali 1 zuwa 6. Su za ka duba. Sannan in za ka yi oda, ka aika lambar ISBN mai lamba 13 da ke saman bakod (layukan nan baƙaƙe da na'urar shago ke karantawa), domin ita ce ke bambanta bugu da bugu.

Lamba 1 ba guda ɗaya ba ce

Kamfanonin Amurka na yawan mayar da ƙidaya baya. A watan Satumba na 2011 DC ta sake fara jeri 52 daga lamba 1 gaba ɗaya, Marvel kuwa ta mai da wannan al'ada. Saboda haka jarumi ɗaya na iya samun lamba 5 har guda huɗu ko biyar, daga shekaru daban-daban. Abin da ke raba gardama shi ne ƙananan rubutun nan da ke ƙasan shafin farko ko na ƙarshe, inda aka sa cikakken suna, lamba, wata da shekara, da sunan kamfani. In kana rubuta rajistar abin da ka tara, kullum ka haɗa suna da shekarar da jerin ya fara, sannan lamba.

Bakod ma yana magana. A fitowar zamani akwai lambobi biyar a gefen dama na bakod. Ukun farko lambar fitowa ce, ta huɗu nau'in bango, ta biyar kuma bugu na nawa ne. 00111 na nufin fitowa ta 1, bango na farko, bugun farko. 00121 bango na biyu ne. 00112 bugu na biyu ne. Mai sayarwa zai iya rantsewa cewa bugun farko ne, amma lambar ƙarshe ba ta san ciniki ba.

Haka kuma ana sake buga tsofaffin fitowa masu daraja sak da na asali, har da tallan cikinsu. Jarumin nan Black Panther ya fara bayyana ne a komik ɗin Fantastic Four lamba 52, a 1966, kuma ta asalin tana ɗauke da farashin senti 12, babu bakod a jikinta, domin sai a 1976 aka fara sa bakod a bangon komik. In ka ga irinta fes da farar takarda, da bakod, da farashin dala, maimaici ce. Tana da daɗin karatu, amma a biya ta kuɗin sabuwa. Akwai kuma bugun Ingila da ke maimaita labaran Amurka. Ƙananan rubutun nan za su faɗa maka.

Batun tsada kuma, a yi hattara. X-Men lamba 1 ta 1991 an sayar da fiye da kwafi miliyan 8, shi ya sa har yau ba ta da wani kuɗi duk da tsufanta. Ƙaranci da lafiyar jiki ke sa tsada, ba lamba ba. In kana son sanin ainihin darajar abu, duba farashin da aka riga aka sayar da shi a eBay, kasuwar intanet, ba wanda mai kaya ya rubuta yana fata ba. Kamfanin CGC na Amurka, da ya fara aiki a 2000, yana auna lafiyar komik daga 0.5 zuwa 10 ya rufe ta a roba mai tauri, amma aika kaya daga Jos zuwa can da dawowa ba ya biyan kansa sai ga fitowa mai tsada sosai.

A wurin 'yan gwanjo

Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a kewayen Taminus da titin Ahmadu Bello ba sa ware komik. Takan ɓuya ne tsakanin mujallu da littattafan yara. Ka duƙa ka tona. In ka samu, fara buɗe tsakiya: takardar tsakiya ce ke fara ficewa daga fil. Ƙirga ganyen da ke gaban fil da na bayansa, dole su zo daidai. In ɗaya ya gaza, an yage shafi. Duba fil ɗin ko ya yi tsatsa, domin tsatsa na bin takarda ta ci ta. Sansana: warin ɗaki rufaffe alamar fumfuna ce, kuma littafi ɗaya mai fumfuna na iya shafa wa akwati guda. Lanƙwasa kusurwar shafin ciki a hankali. In ta karye maimakon ta lanƙwashe, takardar ta mutu. A fitowar Marvel na tsakiyar shekarun 1970 ka leƙa shafin wasiƙu, saboda akwai wani ɗan kan sarki da yara ke yankewa da almakashi.

Wajen ciniki kada ka zaro guda ɗaya kana murmushi. Haɗa ta da wasu uku ko huɗu ka ce, "Baba, nawa za ka bar mini waɗannan gaba ɗaya?" In ka saba da mutum, bar masa lambarka ya kira ka duk ranar da ya kwance sabuwar dila.

Manga, wato komik ta Japan, wadda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar Ajami, ita ce aka fi yi wa jabu. Alamunta: baƙin tawada ya koɗe, zanen ya yi dishi-dishi, shafi na ficewa tun karatun farko, farashin saiti kuma ya yi arhar da ba ta da dalili.

Na gida ma abin tarawa ne, har ma sun fi wuyar samu. Ikebe Super na Wale Adenuga ya fara fitowa a 1976, Supa Strikas kuwa, wanda aka faro a Afirka ta Kudu, ya ratsa hannun yara da yawa a nan, amma kaɗan ne suka tsira da bangonsu. Comic Republic da aka kafa a Legas a 2013 ta fi sakin nata a intanet. Bugun takarda na masu zanen gida ba ya yawa, sau da yawa a taro irin Lagos Comic Con, da aka fara a 2012, ake samunsa. In ka gani ka saya a ranar, ba lallai a sake bugawa ba.

Ajiya

Sanyin Jos alheri ne ga takarda, domin zafi na hanzarta jan da take yi. Matsalar ita ce damina, musamman Yuli da Agusta, lokacin da bango ke tsatsafo da laima, kaya su ƙi bushewa a igiya. Takarda ta fi son laimar iska ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. In ta daɗe sama da 65, fumfuna ta samu gida, fil kuma ya fara tsatsa. Ƙaramar na'urar auna laima ba ta da tsada, ajiye ta kusa da akwatin.

Kowace ƙwaya na buƙatar leda da kwalin baya marar asid. Girman komik na zamani kusan santimita 17 ne da 26, kuma ana sayar da leda da kwali daidai da shi, ɗari-ɗari a ƙunshi. Na shekarun 1960 sun ɗan fi faɗi, kada ka tura su da ƙarfi cikin ledar zamani. Gefen kwalin mai sheƙi shi ke fuskantar littafin. In waɗannan ba su samu ba, ledar fayil ta A4 da ake sayarwa a shagon kayan rubutu za ta riƙe, amma ka guji roba mai kauri da taushi mai wari, domin tana sakin maiƙo ta kama tawada. Kwalin indomi ko na sabulu kada ya taɓa littafin kai tsaye, asid ɗinsa zai bar tabo. In dole ne, ya zauna a wajen leda. Salatif ɗin da ke rufe bakin leda ka cire shi ɗungurungum kafin ka zaro littafin, in ba haka ba zai kama bango ya ɗaye launi. Da yawa ma cusa bakin ledar kawai suke yi ciki.

Lokacin sa leda ma da lissafi. In ka rufe littafi ranar da ake tafka ruwa, laimar ka kulle tare da shi. Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, ya fi dacewa, kuma a lokacin ne za ka sauya ledojin da suka yi hazo ko suka yamutse.

A tsaye ake jera su cikin akwati, a matse daidai, ba sako-sako ba. In ka jibga su a kwance, gefen fil ya fi kauri, sai tarin ya karkace, gadon bayansu ya nannaɗe. Gajeren akwatin komik na ɗaukar kusan 150. Ɗora shi kan katako ko kanta, aƙalla taƙi guda daga ƙasa, nesa da bangon waje da taga da wurin da silin ke yoyo. Gara daga ƙasa da bango take zuwa, don haka wata-wata ka ja akwatin ka leƙa bayansa. Jefa ƙunshin silika, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, guda biyar ko shida, ka sauya su a tsakiyar damina. Kada ka fesa maganin ƙwari a kan littattafai; fitar da su, fesa ɗakin, ya sha iska, sannan ka mayar. Hayaƙin turaren wuta ma na shiga takarda ya sauya mata launi.

Hunturu na da tasa ɓarnar. Bango na lanƙwashewa saboda bushewa, ƙura na goge sheƙi, sannan man da muke shafawa a hannu na barin sawun yatsa a baƙin bango wanda ba ya fita. Wanke hannu ka tsane kafin ka taɓa.

Shi kundi gam ne rauninsa. Kada ka bar shi cikin mota a rana, kada kuma ka danne shi ya buɗe ɗai-ɗai. Sabon omnibos ka kwantar da gadon bayansa a tebur, ka riƙa sauke ganye kaɗan-kaɗan daga gaba da baya har ka kai tsakiya. In yana tsaye a kan kanta, nauyin shafukansa kan rinjayi ɗinkin, saboda haka manya-manyan ka kwantar da su, biyu ko uku kawai a jere.

Abu biyu ba su da gyara: laminetin da liƙa yagewa da salatif. Na farko na narke da takardar har abada, na biyu na zama ruwan ƙasa cikin 'yan shekaru ya huda shafin da maiƙo. Yagaggen shafi ka bar shi yadda yake cikin leda. In ruwa ya taɓa littafi, raba shafukan tun suna jiƙe, domin masu sheƙi in suka bushe a manne ba sa rabuwa. Sa farar takarda tsakaninsu, ka riƙa sauyawa, ka shanya a inuwa gaban fanka, ba a rana ba. Mai fumfuna kuwa ka fitar da shi waje, ya bushe sarai, ka kakkaɓe da burushi mai laushi, hancinka a rufe, sannan ka ba shi akwatinsa daban har damina ta wuce.