Yadda ake tantance rubuce-rubucen binciken likitan tiyata

Aikin nan kan faɗo wa mutane iri-iri a Birnin Kebbi: ɗan kwamitin ɗaukar malamai ko ƙarin girma a jami'a, ƙaramin likita da ke neman wanda zai duba masa kundin zama ƙwararre a Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, har da ɗan jarida da aka aiko wa sanarwa cewa Dakta wane ya shiga sahun manyan masu bincike na duniya. Za a miƙo maka jerin maƙaloli mai shafi goma, a ce ka faɗi nauyinsa. Waya da data sun ishe ka, in ka bi a hankali.

Mataki na farko: tabbatar da cewa shi ne

A nan aka fi yin tuntuɓe. PubMed, rumbun maƙalolin likitanci na Amurka da kowa ke shiga kyauta, yana jera marubuta da sunan ƙarshe da haruffan farko. Ka rubuta "Bello A" ko "Abubakar M", sai mutane barkatai su fito, daga Maiduguri har Malesiya. Ga kuma bambancin rubutu: Muhammad, Mohammed, Muhammed. Wani kuma ya fara wallafa da sunan mahaifinsa, daga baya ya ƙara sunan garinsu, Argungu ko Jega ko Zuru. Don haka ka haɗa sunan da wurin aiki, ka rubuta Birnin Kebbi ko Kalgo a akwatin nema. Kada ka manta da Sakkwato, Zariya ko Kano, domin da yawa daga cikin likitocinmu a can suka yi horon ƙwarewa, kuma adireshin can ne a maƙalolinsu na farko. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambaye shi lambarsa ta ORCID, lamba mai gurbi 16 da aka fara bayarwa a 2012, wadda ke bin mai bincike duk inda ya koma.

Mataki na biyu: nemo kowace maƙala da kanka

Ka ɗauki jerin da ya ba ka, ka nemi kowane take a PubMed da Google Scholar, shafin Google na neman maƙalolin ilimi. Wanda ba ka gani ba, ka duba AJOL, dandalin mujallun Afirka, saboda akwai mujallun Najeriya na ƙwarai da manyan rumbunan Turai ba su ɗauka ba. Daga Sakkwato ma akwai Sahel Medical Journal da Annals of African Medicine. Maƙalar da ba ta fito ko'ina ba, ka sa mata alama, ka nemi kwafinta daga hannunsa.

Mataki na uku: dubi mujallar

Akwai mujallun bogi da ke aiko da saƙon imel cike da kirari, su karɓi dala, su buga maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da wani ƙwararre ya karanta ba. Matsin neman ƙarin girma ya jefa mutanen kirki da dama a hannunsu. Ka duba ranar da aka karɓi maƙalar da ranar da aka amince da ita, yawanci suna shafin farko. In kwana uku ne tsakani, akwai lauje cikin naɗi. Ka duba ko mujallar tana cikin DOAJ, Scopus ko MEDLINE, rumbunan da ke tantance mujallu kafin su ɗauke su. Sannan ka sa sunan marubucin a rumbun Retraction Watch, inda ake tara maƙalolin da aka janye. Kada girman suna ya hana ka wannan. Wani likitan tiyata, Paolo Macchiarini, ya wallafa a fitacciyar mujallar likitanci The Lancet kan dashen maƙogwaron roba a 2011 yana cibiyar Karolinska ta Suwidin, duniya ta yi ta ambatonsa, amma aka janye maƙalar a 2018, kuma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara a Suwidin ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi saboda abin da ya sami majiyyatansa.

Mataki na huɗu: rarraba maƙalolin gida-gida

Wannan ne zuciyar aikin, kuma shi ne kwamitoci suka fi tsallakewa don gajiya. Maƙala hamsin ba duka ɗaya ba ne. Akwai rahoton majiyyaci guda, misali wani ƙari da ba a saba gani ba. Yana da amfani wajen koyarwa, amma ba ya nuna wace hanyar tiyata ta fi. Akwai waiwayen fayilolin asibiti, inda likita zai tattara duk waɗanda aka yi wa aikin fashewar hanji sakamakon taifot a cikin shekara biyar, ya ƙirga waɗanda suka tashi da waɗanda suka rasu. Mafi yawan abin da ake wallafawa daga asibitocinmu irin wannan ne, kuma ƙarfinsa daidai yake da ƙarfin ajiyar fayil a asibitin. Sama da shi akwai binciken da aka tsara tun kafin a fara, ana bin majiyyata har bayan sallama. A can ƙoli kuma akwai gwajin da ake raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a gwada hanya biyu. Irin wannan yana da wuya a tiyata ko a Turai, balle inda wuta da jini da kuɗin magani kansu abin nema ne. Likitan da ya kammala guda ɗaya da kyau a Kebbi, a wurina ya fi mai rahoton majiyyaci guda talatin.

A kowace maƙala ka lura da gurbin sunansa. A al'adar likitanci, na farko shi ne ya yi ɗawainiyar, na ƙarshe shi ne babban da ya jagoranta. Wanda kullum yake na biyar cikin bakwai, a tiyatar ƙashi yau, gobe a ciwon ido, jibi a lafiyar yara, sai a yi tambaya. Mun san al'adar "sa sunana in sa naka", da ta sa sunan oga don girmamawa. Ka kuma duba ko an ambaci amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin.

Mataki na biyar: yanzu ka ƙirga ambato

Ambato shi ne sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalarsa. Ma'aunin da aka fi yawo da shi shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Kalifoniya, ya fito da shi a 2005. Lissafinsa ba wuya. Ka jera maƙalolin daga mai yawan ambato zuwa ƙasa. A ce bakwai ne, da ambato 40, 22, 9, 6, 5, 2, 0. Biyar daga ciki kowace ta sami aƙalla biyar, to ma'auninsa 5. Google Scholar yana nuna shi a shafin marubuci, Scopus ma yana nunawa kyauta a shafin neman marubuta. Na Google kusan kullum ya fi yawa, domin yana ƙirga har kundayen ɗalibai, saboda haka ka rubuta daga inda ka ɗauko lambar da ranar da ka ɗauka, kuma kada ka gwada na Google na wani da na Scopus na wani.

Bayan haka ka latsa adadin ambaton manyan maƙalolinsa uku, ka ga su wa ke ambatonsa. In shi ne da abokan sashensa suke ta juya sunayen juna, lambar ta kumbura ne kawai. Ka kuma ware maƙalolin taron dangi. Binciken sakamakon tiyata a Afirka da The Lancet ta buga a 2018 ya haɗa majiyyata 11,422 daga ƙasashe 25, ya nuna cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyar ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu. Aiki ne mai daraja, kuma duk wanda ya tattara bayanai a asibitinsa ya cancanci yabo. Amma ambaton irin wannan maƙala kan shiga shafin ɗaruruwan mutane, don haka ka sake lissafin ba tare da ita ba.

Ka gwada shi da tsararsa kawai. Ma'aunin h yana ƙaruwa da shekaru, kuma fannoni sun bambanta. Tsarin rarraba matsalolin bayan tiyata na Clavien da Dindo, daga Zurik a 2004, an ambace shi sau dubbai masu yawa saboda kowane likitan tiyata a duniya yana buƙatarsa. Mai rubutu kan yoyon fitsari, ƙaba, maƙoƙo, cutar noma mai cin fuska ko raunin harsashi a ƙauyukanmu yana da masu karatu kaɗan, domin masu binciken waɗannan kaɗan ne. Dakta Kees Waaldijk, ɗan Holan da ya shafe shekaru da dama a Babbar Ruga ta Katsina, ya wallafa a 2004 yadda sanya robar fitsari da yin ɗinki da wuri ke warkar da sabon yoyon fitsari. Tasirin aiki irin wannan a ɗakunan tiyata na cibiyoyin yoyon fitsari ake ganinsa, irin ta Gesse da ke nan Birnin Kebbi, kuma babu kwamfutar da ke ƙirga matar da ta koma gidanta a bushe.

Mataki na shida: karanta uku, ka yi masa tambaya

Ka zaɓi maƙaloli uku da sunansa ya zo farko, ka karanta su duka, ba taƙaitawar kawai ba. Mutum nawa aka yi wa aiki? Har tsawon wane lokaci aka bi su? Nawa suka ɓace ba a sake ganinsu ba? An faɗi waɗanda suka rasu ƙarara? In babba ne kai kuma ƙarami, ka same shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, na karanta aikinku kan fashewar hanji, me aka canza a sashen bayan sakamakon?" Wanda ya yi aikin da hannunsa zai ba ka amsa har da sunan ɗakin jinya.

In rahoto za ka rubuta wa kwamiti, ka ware adadin maƙalolin da ka tabbatar, nau'insu, waɗanda ya jagoranta, ma'aunin h da tushensa, da waɗanda suka fito a mujallun da ake shakka. Ka kuma rubuta a fili cewa wannan awon bincike ne kawai. Ƙwarewar hannunsa a ɗakin tiyata sai a nema a littafin ayyukan da ya yi, da rajistarsa a Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, da shaidar waɗanda suka horar da shi.