Yadda Ake Sayen Manjan da Ba a Sare Kurmi Dominsa Ba

Duk mai sana'ar abinci ko sabulu yana hulɗa da kwakwar manja, ko ya sani ko bai sani ba, domin da yawa daga farin man da ake aunawa daga jarka ana kiransa man gyada, tataccen manja ne da aka cire wa launi da ƙamshi, shi ya sa ma yake yin barci da zarar sanyin hunturu ya kama. Shi ne kuma a cikin taliyar leda da biskit da botar shafa wa burodi. Saboda haka matakin farko shi ne mutum ya zauna ya lissafa yawan man da yake ci a wata, ja da fari, ya kuma rubuta daga hannun wanda yake karɓar kowanne.

Dalilin wannan lissafi yana can kudu maso gabashin Asiya. Indonesiya da Malesiya su ke samar da kusan kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya, kuma an kafa gonaki masu yawa ne a wuraren da a da kurmi ne, musamman a tsibiran Sumatra da Borneo, mazaunin birin nan orangutan. Mafi muni shi ne noma a fadamun da ƙasarsu tarin ruɓaɓɓen ganye da itace ce na dubban shekaru, domin idan aka janye ruwansu sai ƙasar ta riƙa fitar da iskar da ke ɗumama duniya, idan kuwa wuta ta kama ta, takan yi makonni tana ci ta ƙarƙashi. A gobarar 2015 kaɗai, kimanin hekta miliyan 2.6 ta ƙone a Indonesiya.

Wasu kan ce mafita ita ce a ƙaurace wa manja gaba ɗaya, amma a ganina wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Hekta ɗaya ta kwakwa tana ba da tan uku zuwa huɗu na mai a shekara, ninkin ba ninkin abin da waken suya ko gyaɗa za su bayar, don haka maye gurbinsa da wani mai zai buƙaci share ƙasa mafi faɗi. Abin yi shi ne a san asalin wanda ake saye.

Ga mai sayen tataccen mai daga kamfani, hanya mafi sauƙi ita ce neman shaidar RSPO, ƙungiyar tantance manjan da aka noma ba tare da ɓarnar muhalli ba, da aka kafa a 2004, wadda tun 2018 ƙa'idojinta suka hana sare kurmi da buɗe sabuwar gona a irin fadamun da aka ambata. Sai dai shaidar hawa-hawa ce, kuma a nan ne ake yawan ruɗuwa. Akwai man da ake iya bin sawunsa har zuwa matatsa guda ɗaya, akwai wanda aka tattaro daga matatsu da yawa masu shaida ba tare da an haɗa shi da wani ba, akwai wanda aka gauraya da marar shaida ana daidaita lissafi a takarda kawai, sannan akwai wanda kamfani ya biya kuɗin tallafi alhali man da ke cikin tankinsa na gama-gari ne. Biyun farko ne kawai suke tabbatar da cewa abin da ke cikin jarkarka shi ne aka tantance. Ka nemi a nuna maka takardar, ka duba wa'adinta da matakin da aka rubuta a kanta, kada ka tsaya ga tambarin da ke jikin kwali. Wanda kuma yake burin kai kaya Turai ya sani cewa dokar da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2023 ta tanadi a nuna ainihin wurin da gona take, tare da hujjar cewa ba a sare dajinta bayan 31 ga Disamba 2020 ba.

Jan manja na miya kuwa labarinsa daban ne. Bishiyar 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, Najeriya ce ma kan gaba a duniya har zuwa shekarun 1960, kuma har gobe ƙananan manoma ne ke fitar da mafi yawansa a jihohi irin su Edo da Akwa Ibom da Kuros Riba da Kogi, kafin ya iso Kasuwar Galadima a Kano. Waɗannan manoma ba su da takardar shaida, kuma rashin adalci ne a guje su saboda haka. Tambaya ce take maye gurbin takarda. Ka tambayi dillalinka garin da ya ɗauko kayan da sunan matatsar, da ko gonakin tsofaffi ne ko sababbin shara a gefen gandun daji, sannan ka rubuta amsar a littafinka a duk lodi. Dillalin da yau ya ce nan gobe ya ce can, bai san kayansa ba. Idan kana da hali, ka ƙulla ciniki na dindindin da ƙungiyar manoma guda, ka fifita masu sauya tsofaffin bishiyoyi da ingantaccen irin kwakwa mai suna tenera da NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta kusa da birnin Benin, take samarwa, domin yana ba da mai fiye da kwakwar daji, wato ƙarin amfani daga gona ɗaya ba tare da an shiga kurmi ba.

Wannan bin sawu yana da wata fa'ida ta kusa. Akan sami masu zuba rinin Sudan 4 a manja don ya ƙara ja, rinin da ba na ci ba ne, kuma a 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta same shi a mafi yawan samfuran da ta gwada daga kasuwannin Accra. Ido ba ya iya tabbatarwa, sai ɗakin gwaji, amma manjan da jansa ya wuce kima kuma farashinsa ya faɗi ƙasa da na kasuwa abin zargi ne.

Saura abin da ke hannun mai girki. A ajiye mai a rufe a inuwa, nesa da danshi, don kada ya yi tsami a zubar. Mai ƙosai ta tace gutsattsarin ƙullu daga kasko bayan kowace suya, kada kuma ta bari man ya kai ga yin hayaƙi, domin hakan ne ke saurin lalata shi.   Man da ya gaji da suya kuma kada a tuttular da shi a kwata, a tara shi a jarka daban a sayar wa masu sabulu.