Ƙofar kare ko kyanwa a jikin ƙofar gilashi mai zamewa: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Mai kare ko kyanwa da ya gaji da tashi yana buɗe ƙofar baranda duk lokacin da dabbar ta yi kuka, yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya sayi dogon allo siriri mai firam ɗin alminiyum ko roba, gilashi a sama, ƙaramar ƙofa a ƙasa, ya tsayar da shi a cikin layin da babbar ƙofar ke gudu a kai. Ta biyu kuma a cire gilashin ƙofar gaba ɗaya a sa sabo wanda aka ƙera da rami. Ta farkon ce ta fi yawa, saboda sauƙi, kuma ko ɗan haya yana iya cire ta ranar da zai tashi. A nan ne kuma aka fi tafka kuskure.

Hankalin kowa yana kan ramin, ana tambayar ko ɓarawo zai iya kutsowa ta ciki. Tambaya ce mai kyau, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Da zarar ka tsayar da allon nan, ka kashe makullin ƙofarka. Ƙugiyar makullin an yi ta ne ta kama ƙarfen da ke jikin firam ɗin bango, yanzu kuwa allo ya shiga tsakaninsu. Ƙofar za ta zo ta jingina da allon, ido ya ga kamar a rufe take, amma da yatsa ɗaya za a tura ta daga waje. Akwai masu murza makullin kowane dare bisa sabo, su ji ya yi ƙas, su je su kwanta, alhali iska ƙugiyar ta kama.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai dole a haɗa abu biyu. A ɗaure allon da firam ɗin bango da sukuru, sama da ƙasa. Yawancin allunan suna da sifirin a kai wanda ke tokare su a layin sama, kuma abin da ya shiga da dannawa, da dannawa zai fita. Sannan a hana babbar ƙofar ja da baya. Mafi sauƙi shi ne sanda mai ƙwari, ta katako ko ta ƙarfe, a kwantar da ita a layin ƙasa tsakanin bayan ƙofar da ɗaya bangon. Wanda dama yake da irin wannan sanda zai tarar ta yi tsawo, tun da ƙofar ta matsa da faɗin allon, sai ya jingine ta a lungu ya manta da ita. A yanke ta daidai sabon tsawon, yadda sai an ɗan danna za ta zauna. In ta bar ƙofar tana motsi ko da faɗin yatsa biyu ne, ta ba ƙarfen ɓalle ƙofa wurin shiga.

Kafin a yanke sanda, a duba wanne ne ke layin ciki, ƙofar mai zamewa ko ɗaya gilashin da ba ya motsi. A wasu gine-ginen mai zamewar tana layin waje, ka ga sandar za ta kasance a wajen gida kenan, ba ta tsare komai ba. A nan sakatar ƙafa ce mafita, wadda ake ɗaurawa a gindin ƙofar, a taka ta harshenta ya faɗa cikin ramin da aka huda a dokin ƙofa. A kuma ɗaura sukuru biyu ko uku a cikin layin sama, a bar kawunansu a waje kaɗan, yadda ƙofar za ta wuce ta ƙarƙashinsu amma ba za a iya ɗaga ta a fitar da tayoyinta daga layi ba. Wannan tsohon raunin ƙofofi masu zamewa ne, da allo ko babu. Duk makullin da za a ƙara dai ya zama wanda ake buɗewa daga ciki ba tare da ɗan makulli ba, saboda ranar gobara.

Wajen huda firam a yi hattara ƙwarai. Gilashin ba a bakin alminiyum ya tsaya ba, ya shige cikinsa, kuma gefensa ne wurin da ya fi rauni. Bakin injin huda ya ɗan taɓa shi kawai, duk gilashin zai tarwatse. Garin neman gira a rasa ido. Dalilin da ya sa ba a yanka rami a gilashin da ke jikin ƙofar kenan: irin wanda aka gasa da zafi aka sanyaya da sauri ne, yana da ƙarfi, amma ba ya yankuwa bayan gashi, sai dai ya farfashe ƙanana-ƙanana. In mai falle biyu ne, wanda aka rufe iska ko gas a tsakani don tare zafi da sanyi, ko da zai yanku an lalata shi, tururi zai riƙa taruwa a ciki. Mai son rami a gilashi sai ya ba da awo a ƙera masa sabo. Ya fi tsada, amma ƙofar tana ci gaba da kulluwa da makullinta na asali, shi ya sa ni na fi karkata gare shi ga wanda gidan nasa ne.

Sai ramin kansa. Babban mutum ba zai shige ta ƙofar kyanwa ba, amma hannunsa zai shiga, sanda mai ƙugiya ma za ta shiga. Bayan an gama aiki, ka fita waje, a kulle daga ciki, ka durƙusa ka zura hannu har kafaɗa ka lalubo. Ka taɓo sandar da ke layi? Ka kai ga sakata? Makullan mota da ke kan tebur fa? Duk abin da ka taɓo, a matsar da shi ko a sake masa wuri. Ƙofar babban kare kuwa siririn mutum yana wucewa ta ciki sarai, don haka murfin da ake zurawa daga ciki a toshe ramin ba na ado ba ne. A zaɓi na ƙarfe mai sakata, a sa shi da dare da lokacin tafiya. Na roba marar kauri duka ɗaya da ƙafa ya ishe shi.

Abin da ya fi ɓarawo ban tsoro shi ne yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya. Yana ganin kare ya bi ta nan, shi ma zai bi. A Amurka dokar gini ba ta yarda tazarar sandunan baranda ta bar ƙwallo mai faɗin inci 4 ya wuce ba, wato kusan santimita 10, saboda yara, kuma ko ƙofar kyanwa ta fi haka faɗi. An sha rasa yara a wurin ninƙaya na cikin gida ta wannan hanya. In akwai ruwa, ko matakala, ko titi a ɗaya ɓangaren, a kewaye wurin da shinge mai ƙofa mai rufe kanta, ko a haƙura da ƙofar dabba har yaron ya yi wayo.

Awo ma ana kuskure a kai, galibi saboda an bi nauyin da aka rubuta a jikin kwali. Karnuka biyu masu nauyi ɗaya, wani dogo ne siriri, wani gajere mai faɗin ƙirji. A auna daga ƙasa zuwa saman kafaɗa, saman ramin ya ɗara haka da santimita 3 zuwa 5. Kai ba ya cikin lissafi, dabba tana sunkuyar da shi. Tudun da za ta tsallake a ƙasa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, a kuma haɗa har da tsayin layin ƙofar da saukar da ke waje, wadda sau da yawa ta fi ta ciki zurfi. Tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi zai tsaya yana kallon tudun da ya saba tsallakewa bara. A yanka ramin a jikin kwali tukuna, a tare bakin ƙofa da shi, a kira dabbar da ɗan abinci a ga yadda take wucewa. Tsayin allon kuma daga can cikin layin ƙasa ake auna shi zuwa can cikin layin sama, ba daga baki zuwa baki ba. A lissafa faɗin da zai rage wa mutane, kada a wayi gari sai an karkace ake fita da kwandon wanki.

Akwai wata kafa da ba a cika lura da ita ba sai iska ta fara busowa. Idan ƙofar ta rufe yadda aka ƙera ta, bayanta yana sarƙewa da gefen ɗaya gilashin da ba ya motsi. Yanzu da ta matsa, sarƙewar ta tafi, an bar tsaga daga sama har ƙasa a tsakiya, inda sauro da ƙura da sanyi ke shigowa. Ana manna doguwar roba ko buroshi a bayan ƙofar ta riƙa shafar gilashin. Wajen toshe ramuka da silikon kuma a bar 'yan ƙananan hujojin da ke gindin layin ƙasa, ta nan ruwan sama ke fita. In an liƙe su, cikin ɗaki zai malalo.

Ƙofa mai lantarki tana rage shigowar baƙin dabbobi, amma ba duka suke ɗaya ba. Mai aiki da maganaɗisun wuya tana buɗe wa duk kyanwar da ke sanye da irinsa. Mai karanta ƙwayar shaida da likitan dabbobi ke sakawa a ƙarƙashin fata ta fi, domin kowace dabba da lambarta, mai lambobi 15 a tsarin ƙasa da ƙasa na ISO. Sai dai da yawansu shigowa kawai suke tantancewa, fita kuwa kowa na iya yi, har yaro. A karanta takardar kafin a saya, a kuma san abin da ƙofar ke yi in batir ya mutu, kulle take zama ko buɗe. Makon farko a bar marfin a ɗage da salatif har dabbar ta saba, kada a tura ta ciki da ƙarfi. Kyanwar da marfi ya taɓa matse wa ƙafa tana iya daɗewa ba ta ƙara kusantar wurin ba.