Darasi na 7: Mu san itatuwa da tsuntsayen tsibiranmu na Yauri, mu bar musu iri

Iyayena da yayyena, darasin yau ba baƙon abu bane a wajenku, da yawanku a bakin Kwara aka haife ku, wasu ma a cikin gungu, wato tsibiri, aka yanke musu cibiya. Abin da muke so shine kowa ya iya rubuta sunan itace da tsuntsun da yake gani kullum, ya kuma san lokacin da ake ɗauke musu hannu.

Tsibiri dai ƙasa ce 'yar kaɗan ruwa ya zagaye ta. A tudu in ka sare itace akwai daji a bayanka, iri zai sake zuwa, amma a gungu in giginya goma ce kuka sare goman to shikenan sai dai labari. Kuma tsibiran ma ba kamar da bane, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye da yawa daga cikinsu, aka tada mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni, Gungawa sun fi kowa sanin wannan. Ɗan abin da ya rage shine muke magana a kai. Tsibiran Foge ma a 2008 an sa su cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya da ake kira Ramsar, kaga kenan mutanen nesa sun san darajar wurin.

Mu fara da giginya

Kowa ya san ta, doguwa sambal, mai kumburi a wajen sama. Abin da wasu ba su lura ba shine akwai namiji akwai mace, macen ce ke 'ya'ya amma in babu namiji kusa ba za ta yi ba. Masu neman azara kuwa namijin suka fi so don ya fi ƙarfi, sai a bi a sare mazan duk. Ta ɗaya ɓangaren kuma mu kwashe 'ya'yan kaf mu binne don muruci, in ya tsiro mu tone mu dafa. To muruci ai jaririn giginya ne! Ba wanda ya ce a daina cin muruci, sana'a ce, mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri, amma don Allah duk ramin da aka binne a bar ko biyar ne su tashi, a kewaye su da ƙaya saboda dabbobi da wutar daji. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta fara haihuwa, wanda ya bari yau jikansa ne zai ci, kuma haka aka yi mana.

Sai giyayya, ita ce ke tsaye a cikin ruwa wata da watanni ba ta mutu ba, furenta dunƙule-dunƙule, zuma na sonsa. Saiwarta ke riƙe gaɓa, duk inda aka share giyayya za ka ga gaɓar tana zaftarewa kowace damina. Na san itacen banda dole ne, kifi ba zai jira ba, to a sari reshe a bar gindi, tana sake tofowa. Haka kanya da ɗinya da ɓaure, tsuntsaye ke cin 'ya'yansu su je su kasayar da irin a wani tsibirin, ba wanda ya biya su ko sisi.

Burugu kuma, ciyawar nan ta cikin ruwa, a cikinsa ƙananan kifi ke ɓuya, shanu su ci da rani. A yanka a bar saiwa. Jema ma haka.

Akwai baƙuwar kainuwa guda da ba ma so. Kainuwarmu ta gargajiya ganyenta fari-fari ne mai gashi, kwance bisa ruwa. Amma waccan mai ganye sulɓi yana ƙyalli, mai kumburarren kara da fure ruwan shuɗi-shuɗi, daga Kudancin Amurka asalinta yake, cikin kamar mako biyu tana iya ninka kanta, ta toshe mashigi, ta kama injin jirgi, ta yaga koma, ta danne burugu da bado. Wannan kar a tausaya mata, a jawo ta tudu ta bushe a yi taki da ita.

Tsuntsaye

Gauraka tukuna. Jiki baƙi-baƙi, fuffuke da fari, kumatu fari da ja-ja, ga tukku ruwan zinariya a ka. Dattawan ajin nan sun ga garkensu a fadama da idonsu, yaran yanzu kuwa sai dai a gidan wani mai kuɗi an fige mata fiffike tana zagaya tsakar gida, wallahi abin yana min ciwo. Da damina take sheƙa cikin ciyawa a ruwa, ƙwai biyu ko uku galibi, masu kamu su kwashe 'ya'yan su kai kasuwa, haka aka yi ta yi har ta kusa ƙarewa a Najeriya. In ka ga sheƙarta ka yi shiru da bakinka, kar ka nuna wa dillali.

Wanda na fi so ku riƙe shine ladin kogi, ɗan ƙaramin nan mai baya ruwan toka, ciki ruwan ƙasa-ƙasa, baƙin kai da farin layi bisa ido, yana ta gudu-gudu a bakin yashi. Shi ba ya sheƙa, cikin rairayi yake binne ƙwansa, in rana ta yi zafi sai ya je ya jiƙa gashin cikinsa ya dawo ya jiƙa wurin don kar ƙwan ya dahu. Ba shi kaɗai ba, tsuntsaye da dama a kan yashin suke zuba ƙwai idan baƙin ruwa, wato cikar da kogin ke yi da sanyi, ya ja baya, daga ƙarshen sanyi har bazara. To daidai lokacin ne mu kuma muke kafa bukka a kan yashin, a shanya koma, a koro shanu, yara da karnuka su bazu. In ka ga tsuntsu yana shawagi a kanka yana kuka, ko yana jan fiffike kamar ya karye, ƙwai ko 'ya'ya na kusa, ka ja baya ka canza wajen ɗaure jirgi. Iyaye mata, ku ke ganin abin da yaro ya shigo da shi cikin riga, ku tambaye shi inda ya samo.

Kirinjijiya mai farar fuska da fito, da dinya, ana farautarsu tun da can, amma ban da damina lokacin da suke da 'ya'ya, kuma ban da guba. Wanda ya barbaɗa hatsi mai magani a bakin ruwa ko ya zuba gamalin, maganin ƙwarin nan, don kifi, zalɓe zai ci, balbela za ta ci, ƙarshe naman ya dawo tukunyar wani. Shamuwa kam alhamdulillahi mutanenmu ba sa taɓa ta, fara da tsutsa take cinye mana a gona.

Wasu tsuntsayen kuma daga Turai suke zuwa wajen Oktoba su koma wajen Maris ko Afrilu, wani lokaci za ka ga zobe a ƙafar ɗaya da lamba a jiki. Nan karatunku zai yi amfani, ka kwafi lambar da rana da wurin, ka kai wa malamin daji. In kuma ka tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa wuri guda kar ka taɓa kar ka ci, ana iya samun murar tsuntsaye, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi.

Aikin gida

Kowa ya raba shafi biyu, gefe ɗaya itatuwa gefe ɗaya tsuntsaye, ya rubuta duk wanda ya gani a makon nan da inda ya gan shi. Mai jin Gunganci ko wani yare ya sa sunan da yarensa kusa da na Hausa. Sannan ka sami dattijo ɗaya a unguwarku ya faɗa maka guda uku da ake gani da amma yanzu babu, ka rubuto su, ranar aji mai zuwa kowa zai tashi ya karanta nasa.